A sa aikin raino da jinya cikin lissafin hukuma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana a kan aikin da gidajenmu suka dogara da shi amma hukuma ba ta lissafa shi, wato rainon yara da jinyar tsofaffi.

A unguwarmu nan Tawa akwai maƙwabciyata da maigidanta ya tafi ci-rani Abijan, ya bar mata yara biyar da mahaifiyarsa wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Tun assalatu take ɗora ruwan zafi, ta wanke tsohuwar, ta ba ta kunu da cokali, ta sallami ƴan lakwal, sannan ta zauna bakin kaskon ƙosai. Ran da na raka ta cike wata takarda, da aka zo gurbin sana'a sai jami'in ya rubuta cewa ba ta aiki. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta ba mace hutun haihuwa na mako 14, asusun kula da jin daɗin ma'aikata na ƙasa (CNSS) kuma yana biyan kuɗin iyali da fansho, sai dai duk wannan na mai albashi ne. Mai ƙosai da mai daka da mai jinyar surukuwa ba su da rabo, alhali su ne suka fi yawa, kuma idan ƙarfi ya ƙare ba su da madogara sai abin da ƴaƴa suka aiko.

Wasu ƙasashe sun ɗauki wata hanya. Suwidin ta buɗe hutun raino ga uwa da uba tun 1974, yanzu kwana 480 ne a kan kowane yaro, an keɓe wa kowannensu 90. Jamus kuwa tana lissafa shekarun raino cikin fansho. Na san aljihunmu bai kai nasu ba, amma a 2006 ƙasar nan ta ayyana kyautar magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, ba don ta fi yau arziki ba.

Matan da suka yi tattaki a Yamai ranar 13 ga Mayu 1991 sun nemi a dama da su a shirin babban taron ƙasa kan makomar siyasar Nijar, suka kuma samu. Ina kira ga hukumomi, kafin bikin ranar mata ta ƙasa na 13 ga Mayu mai zuwa, su sauƙaƙa wa mata masu ƙananan sana'o'i zubi kaɗan-kaɗan irin na adashi a asusun fansho, su kuma gina wuraren raino kusa da kasuwanni.

Wassalam.

Wani mai karatu,
Tawa