Wasiƙa daga Gembu

Zuwa ga aminina Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zaman Kumasi, ya kasuwa?

Ka yi haƙuri da shiruna. Makon jiya na gama wani horo na kwana biyar kan taimakon gaggawa a daji, irin wanda ake yi wa masu aiki nesa da asibiti. Ka san aikin malamin dabbobi a nan Mambila: sai in yi awa huɗu a kan babur kafin in kai ruga, ga hawa da gangara, ga laka, ga babu sabis. In wani ya ji ciwo a can, wanda ke kusa da shi ne likitansa har gari ya waye.

Maganar saran maciji ce ta hana ni barci. Ka tuna ranar da kububuwa ta sari yaron maƙwabtanmu a gonar gero? Ni da kai muka ɗaure masa ƙafa tamau da igiyar guga, wani dattijo ya tsaga wurin da aska ya manna baƙin dutse. Malamar da ta koyar da mu ta ce duk wannan cutarwa ce. Ɗaurin yana hana jini zuwa har naman ya mutu. Dafin kububuwa kuma hana jini daskarewa yake yi, saboda haka tsagar ƙarin hanyar zuba ce kawai. Abin da ya kamata shi ne a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko munduwa kafin kumburi, a ɗora wa ƙafar karare kamar ta mai karaya, a ɗauke shi kada ya taka, a nufi inda ake da allurar kashe dafi. Ta nuna mana gwajin da ake yi a asibitoci irin na masu saran maciji da ke Kaltungo, jihar Gombe: a zuba jini a busasshiyar kwalbar gilashi, a jira minti 20, in bai daskare ba dafi ya kama jiki. Habu, da na tuna yadda ƙafar yaron nan ta yi baƙi, sai da na fita waje na share hawaye.

Ɗauri yana da nasa wurin, wato jinin da ke tsartuwa daga hannu ko ƙafa, kamar saran adda ko sukar ƙahon bijimi. A fara dannewa da tsumma da ƙarfi. In ya ƙi tsayawa, a ɗaura ƙyalle mai faɗi sama da raunin, da tazarar kamar santimita 5 zuwa 7, a murɗa da sanda, a rubuta lokacin, kada kuma a kwance a hanya.

Ranar ƙarshe, cikin yayyafi, muka ɗauko wani da bargo da sanduna biyu daga gindin tudu. Sai da malama ta taɓa hannunsa ta ce mu ji, ya yi sanyi ƙalau, don mun bar shi kwance a ƙasa ba shimfiɗa. Yanzu har leda da bargo nake ɗaurewa a bayan babur.

Don Allah ka tambayi 'yan Red Cross na wajenku ko suna irin wannan horo, ka tura direbobinka masu hawa arewa da kaya.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Isa