Masu cewa Mourinho ya dawo, wane Mourinhon kuke nufi?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ku da dukan ma'aikatan sashen wasanni. Na daɗe ina sauraron shirinku ban taɓa rubuto muku ba, sai muhawarar makon jiya ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, wato wadda kuka buɗe layi a kan ko ya dace ƙungiya ta dawo da tsohon kocinta idan al'amura suka dagule. Sau huɗu ina kira layin bai shiga ba. Wataƙila ma hakan ya fi, don abin da ke bakina ya fi ƙarfin minti ɗayan da kuke ba kowa.

Ni mai goyon bayan Chelsea ne tun kafin Abramovich ya saye ta a 2003, kuma na lura rabin masu kiran da ƙungiyarmu suka yi misali. Ba abin mamaki ba ne. Duk ranar da aka sallami koci a Stamford Bridge, gidan Chelsea, kafin gari ya waye sunan Jose Mourinho ya cika waya. Wani daga cikin masu kiran ya ce da tsohuwar zuma ake magani, ya kashe wayarsa, kamar ya gama magana ke nan. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma na taɓa faɗar haka, da ƙarfi ma.

A kakar 2012 zuwa 2013 ne. An kori Di Matteo wata shida bayan ya ɗauko mana Kofin Zakarun Turai, aka kawo Rafa Benitez riƙon ƙwarya, mutumin da muke yi wa kallon ɗan Liverpool. 'Yan kallo a filin suna yi masa ihu, idan minti na 16 ya yi su tashi su tafa wa Di Matteo, don lambar rigarsa ke nan lokacin yana wasa. Benitez ya ci mana Kofin Europa a kan Benfica, ya gama na uku a Firimiya, amma ko sannu ba mu yi masa ba. Ni da ƙanina, wanda ya fi ni zafi a harkar nan, ba mu da magana sai ta dawowar Mourinho. Ranar da aka sanar a watan Yuni na 2013, ya kira ni yana haki kamar wanda ya yi gudu, ya ce, "Yaya, Baba ya dawo gida."

Abin da muke tunawa a lokacin shi ne kakar 2004 zuwa 2005, kakarsa ta farko a Chelsea. Maki 95, ƙwallo 15 kacal a ragarmu cikin wasa 38, cin lig na farko cikin shekara hamsin, Lampard ya zura biyu a gidan Bolton aka gama zance. Sai dai idan mutum ya zauna ya tambayi kansa me yake gani idan ya rufe ido ya tuna wannan kakar, ba mutumin da ke tsaye a bakin layi da doguwar kwat kaɗai yake gani ba. Yana ganin Cech a raga, Terry da Carvalho a gabansa, Makelele yana share duk abin da ya ɓullo ta tsakiya, Robben da Duff a gefe, Drogba yana ture manyan 'yan baya kamar yara. Yana ganin mai ƙungiya da ke buɗe jaka ba ya ƙirgawa, a zamanin da babu wata dokar kashe kuɗi da ke taka masa burki. Duk wannan muke haɗawa mu dunƙule mu sa masa suna ɗaya, mu ce Mourinho. To shi kocin ana iya sa masa hannu a takarda ya dawo. Sauran fa?

Ba zan zalunce shi ba. Ya dawo ya ci Firimiya a 2015 da maki 87, ya haɗa da Kofin Lig, Fabregas yana rabawa, Diego Costa yana ci, Hazard yana abin da ya ga dama. Duk wanda ya ce komen bai haifar da komai ba bai faɗi gaskiya ba. Amma akwai kuɗin da muka biya wanda masu kiran waya ba sa son a ambata. A wannan zaman nasa na biyu Juan Mata, wanda sau biyu a jere ya zama gwarzon ɗan wasan ƙungiyar, ya koma Manchester United. Kevin De Bruyne ya gaji da zaman benci ya tafi Wolfsburg a Janairun 2014. Lukaku ya zama ɗan Everton. Mohamed Salah aka tura shi aro Fiorentina, daga can Roma, daga can Liverpool, kowa kuma ya san abin da ya yi mana. Shekara goma muka yi muna kallon De Bruyne da Salah suna ɗaga kofuna da rigunan wasu. Wannan ba hatsari ba ne, halin kocin ne tun asali: yana son ɗan wasan da ya riga ya nuna, ba ya da haƙurin jiran ɗanye. A zaman farko halin bai cuce mu ba don an saya masa nunannu.

Sai kakar da ta biyo baya. Tun wasan farko da Swansea rigima ta tashi tsakaninsa da likitar ƙungiyar saboda ta shiga fili duba Hazard, maganar da ta kai har kotu. Daga nan komai ya riƙa zamewa. Ina tuna daren 14 ga Disamba, 2015, wasan Leicester. Vardy ya ci, Mahrez ya tsayar da ƙwallo ya juya Azpilicueta ya lanƙwasa ta can kusurwa, Remy ya rama ɗaya da ba ta amfana komai ba. Abin da ya tsaya mini a rai ba cin ba ne, fuskokin 'yan wasanmu ne, kowa kansa a ƙasa, babu mai yi wa wani tsawa, babu mai tafa wa wani. Aka tashi, kocin ya fito gaban 'yan jarida ya ce an ci amanar aikinsa. Zakarun Ingila suna na 16, sun sha kashi tara cikin wasa 16, maki ɗaya tsakaninsu da 'yan faɗuwa. Na ɗauki waya na kira ƙanina, ta yi ta ƙara har ta katse. Bayan kwana uku aka sallami Mourinho. A kakar gaba Antonio Conte ya ɗauki kusan waɗannan 'yan wasan, aka ƙara masa Kante da Alonso da David Luiz, ya ci wasa 13 a jere, ya ɗauki lig da maki 93.

A nan nake so masu muhawarar su tsaya. Tambayar da ake yi kullum ita ce, me ya ci mana a da? Wadda ba a yi ita ce, me ya fitar da shi, kuma abin nan yana nan ko ya kau? A 2007 saɓani da mai ƙungiya ne ya raba su, cikin kakarsa ta huɗu. A 2015 ɗakin sauya kaya ne ya juya masa baya, cikin ta uku. A Manchester United an sallame shi a Disambar 2018, cikin ta uku. A Tottenham ko shekara biyu bai cika ba, aka kore shi ana saura kwanaki wasan ƙarshe na Kofin Lig. A Roma ya ci musu Kofin Conference a 2022, suka ɗauke shi kamar sarki, a Janairun 2024 suka rabu, nan ma cikin ta uku. Daga 2015 zuwa 2025 bai sake cin lig a ko'ina ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Na ji wani ya kawo Ancelotti, kuma hujja ce mai nauyi. Ya koma Real Madrid a 2021 ya ci Kofin Zakarun Turai a 2022 da 2024, da La Liga sau biyu. To amma a duba yadda ya fita a 2015. Shekara guda bayan ya kawo musu kofin Turai na goma da suka yi shekara goma sha biyu suna nema, shugaban ƙungiya ya kore shi don kaka ɗaya ta wuce babu lig babu kofin Turai. 'Yan wasa ba su so tafiyarsa ba, Ronaldo ma a fili ya nuna haka. Bai bar gaba a bayansa ba. Da ya dawo ya tarar da Modric da Kroos da Benzema da Carvajal suna nan, ga Casemiro ya ƙware, ga Vinicius yana jiran wanda zai kwantar masa da hankali a gaban raga. Haka Jupp Heynckes a Bayern Munich. Da ƙafarsa ya tafi a 2013 bayan ya haɗa kofi uku a kaka ɗaya. Da aka roƙe shi a Oktoban 2017, yana da shekara 72, ya zo ya tarar da Robben da Ribery da Muller da Alaba, yaransa na jiya, ya ce zuwa ƙarshen kaka kawai zai yi. Ya same su Dortmund ta ba su ratar maki biyar, ya ɗauki Bundesliga da ratar maki 21, ya koma gidansa. Waɗannan sun dawo gidan da suka bari ne, ba gidan da aka rushe aka sake gini ba.

Zidane yana tsakiya. Ya dawo Real Madrid a Maris na 2019 ya tarar babu Ronaldo, ya ci La Liga a 2020, amma mutumin da ya ɗauki kofin Turai uku a jere bai sake kai wasan ƙarshe ba. Mu ne ma muka fitar da shi a 2021, ya tafi yana rubuta wasiƙa a jarida cewa ƙungiyar ta daina ba shi amanar da yake buƙata. Van Gaal a Barcelona, Allegri a Juventus, Dalglish a Liverpool, duk wanda ya bi labarinsu ya san zama na biyu bai kama ƙafar na farko ba. David Moyes kuwa ya koma West Ham ya kawo mata babban kofi na farko cikin shekara 43, don haka ba cewa nake kome haramun ne ba.

Wanda ya fi kama da halin da Chelsea ke ciki shi ne Kevin Keegan. Mutanen Newcastle suna ƙaunarsa kamar su haɗiye shi, saboda ƙwallon da ƙungiyar ta buga yana kocinta daga 1992 zuwa 1997. A Janairun 2008 sabon mai ƙungiya, Mike Ashley, ya dawo da shi, gari ya ɗauki murna. Ba a yi wata guda ba aka naɗa Dennis Wise a kan harkar sayen 'yan wasa. Keegan ya saba shi ke cewa a sayo wane, a sayar da wane, sai ya wayi gari ana kawo masa ɗan wasan da bai nema ba. Wata takwas ya yi ya ajiye aiki, daga baya kwamitin sasanci ya ba shi gaskiya, aka biya shi fam miliyan biyu. Sunan kujerar bai canza ba, aikin da ke kanta ne ya canza.

To Chelsea tun 2022 ba ta Abramovich ba ce. Masu ita na yanzu sun zaɓi hanyarsu: daraktocin wasanni ne ke cefane, yara masu shekara ashirin ake saye, a ɗaure su da kwantiragin shekara bakwai ko takwas, koci kuwa aikinsa ya horar da abin da aka miƙa masa. Ko mutum yana son tsarin nan ko ba ya so, ni ma ba duka nake so ba, shi ne ke ƙasa. Yanzu a ɗauko mutumin da bai jira De Bruyne ba a damƙa masa ɗaki cike da ɗanyun yara, a ce kuma ba shi da ta cewa a kasuwa. Wata nawa kuke ba shi kafin ya fara jifan shugabanni da magana a taron 'yan jarida? Mun ma ɗanɗana irin wannan a ƙaramin cokali. A Afrilun 2023 aka dawo da Lampard riƙon ƙwarya, gwarzon da ya fi kowa ci mana ƙwallo a tarihi. Wasa 11, nasara ɗaya, muka ƙare na 12.

Akwai kuma abin da nake zargi, ko da yake zargi ne kawai. Wani lokaci masu ƙungiya ba don ƙwallo suke dawo da tsohon gwarzo ba, don su samu inuwa ne. Magoya baya sun fusata, sun fara ɗaga kwalaye suna zagin shugabanni, sai a kawo mutumin da ba wanda zai iya yi wa ihu. Wata shida ana waƙar sunansa, an manta da wanda ya yi cefanen banza. Mu da muke kiran a dawo da wane, mu ne ke miƙa musu wannan laimar da hannunmu.

Roƙona gare ku, Malam Edita, idan kun sake buɗe layi a kan wannan batu, duk wanda ya ce a dawo da tsohon koci, mai gabatarwa ya ƙara masa rabin minti ya tambaye shi dalilin tafiyar kocin tun farko, kuma wa zai buga masa wuraren da manyansa na da suka buga. Na gwada wannan a kan ƙanina bayan an rufe shirin, don har yau yana kan bakansa. Na ce masa to an ji, Mourinho ya sauka Landan gobe da safe, wa zai tsaya masa a wurin Makelele, wa zai zama Terry, wa zai zama Drogba? Ya yi shiru har na zaci layin ne ya yanke. Can ya ce, "Yaya, ai in ya zo shi zai nemo su." Na ce da kuɗin wa, kuma da izinin wa? Ya ce cajinsa ya kusa ƙarewa.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Mai sauraronku na kullum, mai goyon bayan Chelsea