Kada a raba maƙwabta wajen tsugunar da waɗanda bala'i ya tarwatsa

Ranka ya daɗe Edita,

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin jan hankalin masu aikin agaji.

Kowane ma'aikacin agaji ya haddace lissafin ƙa'idojin Sphere, wato mizanin da ƙungiyoyin agaji na duniya ke bi: lita 15 na ruwa ga mutum a rana, makewayi ɗaya ga mutum 20, murabba'in mita 3.5 na wurin kwana ga kowa. Duk daidai ne, sai dai lissafin ba ya nuna wa zai kwana kusa da wa.

A girgizar ƙasar Kobe ta Japan a 1995, akasarin waɗanda aka zaƙulo da rai daga ɓaraguzai dangi da maƙwabta ne suka tono su, don su suka san ɗakin da tsohuwa ke kwana. Da aka zo rabon gidajen wucin gadi sai aka yi ƙuri'a, aka fara da tsofaffi da naƙasassu. A takarda adalci ne. A zahiri kuwa an tara marasa ƙarfi wuri guda, nesa da masu leƙa su. Fiye da mutum 200 suka rasu su kaɗai a ɗakunan nan, wasu sai bayan kwanaki aka ankara. Shi ya sa a girgizar ƙasar yankin Chuetsu na Japan a 2004 aka tsugunar da mutanen ƙauye ɗaya a rukuni ɗaya.

Don haka tun wajen rajista a rubuta unguwar kowa, a ba kowace unguwa sashenta, a bar fili na ibada da taro. Kwamitin rabo ya fito daga waɗanda jama'a suka sani tun asali, da mata a ciki. Gidajen da suka saukar da baƙi su ma a sa su cikin rabo, in ba haka ba ƙunƙuni na somawa da zarar abincinsu ya ƙare.

Sai batun mamata. Gawar wanda ambaliya ko girgizar ƙasa ta kashe ba ta haddasa annoba, don haka babu dalilin gaggawar zuba gawarwaki rami guda. A sa wa kowace lamba, a ɗauki hotonta, a rubuta inda aka binne ta. Iyalin da ba su san makwancin nasu ba zaman makoki ba ya ƙare musu, rabon gado ma ya tsaya cik.

Naka,
Wasu ma'aikatan agaji