Wasiƙa zuwa ga masu sayen shadda da atamfa a wurinmu, kan abin da ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta canza

Landan, Maris 2021

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu da 'yan'uwanmu na nan Birtaniya, da na Burasel, Faris, Hambog, Amstadam da Dablin, da ku na gida, muna gaishe ku. Ya iyali, ya kuma haƙuri da wannan zaman kulle na korona? Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Tun farkon Janairu wayar shago ba ta huta ba, kuma kusan duk mai kira daga ƙetaren ruwa tambayarsa ɗaya ce: "Na biya ku kuɗin kaya, na biya kuɗin aike, to me ya sa mai kawo saƙo ya tsaya mini a ƙofa yana neman wani kuɗin?" Wasu sun biya ransu a ɓace. Wasu sun ƙi karɓa, kayan suka dawo mana bayan makonni. Tambayar tana kan hanya, kuma haƙƙinku ne a amsa muku ita dalla-dalla kafin azumi ya shigo, hidimar ɗinkin Sallah ta kankama.

Tushen maganar ya kusa shekara biyar. Ranar 23 ga Yunin 2016 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 51.9 cikin ɗari suka zaɓi a fice daga Tarayyar Turai, kashi 48.1 suka ce a zauna. Landan da Sikotland da Ireland ta Arewa ba su so fita ba, amma sauran Ingila da Wales suka rinjaye su. Gari na wayewa David Cameron ya ce zai sauka daga muƙamin firaminista, fam kuma ya faɗi daga kusan dala 1.50 zuwa wajen 1.33, faɗuwar da ta kai shi inda bai taɓa zuwa ba tun 1985. Wannan shi ne duka na farko da muka sha. Shaddar da muke sarowa da yuro ake biyanta, mu kuma da fam muke sayarwa, saboda haka kowace dila ta ƙara mana tsada tun ba a canza ko harafi ɗaya a doka ba. Waɗanda suka daɗe da mu za su tuna da ƙarin farashin da muka yi a ƙarshen wannan shekarar. Masu aika wa iyaye kuɗi gida su ma sun ji a jikinsu.

Abin da ya biyo baya kun gani a talabijin. Theresa May, wadda ta gaji Cameron, ta kawo yarjejeniyar ficewa, majalisa ta yi watsi da ita har sau uku. A karon farko, cikin Janairun 2019, ƙuri'a 432 ne suka ƙi, 202 suka yarda. Ta sauka, Boris Johnson ya hau, ya rufe majalisa, Kotun Ƙoli ta ce rufewar ta saɓa doka, aka yi zaɓe a Disambar 2019 ya samu rinjayen kujeru 80. Ranar 31 ga Janairun 2020 ƙasar ta fita a hukumance, sai dai an ci gaba da ciniki bisa tsohon tsari har ƙarshen shekara. Duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya iya gaya wa ɗan kasuwa takamaiman ƙa'idar da zai yi aiki da ita. Sai ranar 24 ga Disambar 2020 aka cim ma yarjejeniyar ciniki mai shafi fiye da dubu, ta fara aiki 1 ga Janairu. Mako guda ke nan, a tsakiyar hutun Kirsimeti, a daidai lokacin da dubban manyan motoci suke jibge a yankin Kent saboda Faransa ta rufe iyaka kan sabon nau'in korona. Babban kamfani yana da lauyoyi da ma'aikatan kwastan nasa na kansa. Shago irin namu, wanda mai yankan yadi shi ne mai ɗaure kaya kuma shi ne mai amsa waya, da dare muka riƙa zama muna koyon cike takardu.

To, ga inda gizo ke saƙar. An sanar cewa yarjejeniyar ba ta da kuɗin fito, mutane da yawa suka ɗauka komai zai ci gaba yadda yake. Gaskiyar ita ce, yafewar ta tsaya ne a kan kayan da asalinsu na ƙasar da ta aiko su ne. Shaddar Getzner a garin Bludenz na Ostiriya ake saƙa ta. Idan ta taso daga can zuwa Landan da takardar shaidar asali, ba ma biyan fito a kanta. Amma idan muka yanki yadi goma daga cikinta muka aika wa Alhaji a Burasel, kwastan na Beljiyam ba ya kallonta a matsayin kayan Birtaniya, domin ba mu yi mata wani aiki ba banda awo da yanka da naɗewa. Shaddar da aka saƙa a cikin Tarayyar Turai, za ta koma cikin Tarayyar Turai, sai ta biya fito na kashi 8 cikin ɗari don kawai ta kwana a Landan. Haka zancen yake ga atamfar Holan da leshin Ostiriya. Akwai hanyar neman sassauci ga kayan da suka koma inda suka fito, amma tana buƙatar a haɗa kowane yanki da takardun dilar da aka ciro shi, kuma wahalar da kuɗin wakili sun fi abin da za a tsirar a kan turmi ɗaya ko biyu.

Bayan fito akwai harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye, wanda yanzu ƙasar mai saye ce take karɓa a bakin shiga: kashi 19 a Jamus, 20 a Faransa, 21 a Beljiyam da Holan, 22 a Italiya, 23 a Ireland. Mu ɗauki misali. Kayan yuro 300 da za su je Burasel, fitonsu yuro 24 ne. VAT kuma a kan jimillar ake lissafa shi, wato kusan yuro 68. Kun ga an haura yuro 90, ba a ma sa kuɗin aike a lissafin ba, ga kuma ladan da kamfanin jigila yake ɗorawa don ya cike takardun kwastan. Wannan shi ne kuɗin da ake nema a ƙofarku. Ko sisi daga ciki ba ya shigowa aljihunmu. Abin da ya rataya a wuyanmu shi ne mu cire muku VAT na Birtaniya daga farashi, tunda kayan fita za su yi, kuma muna cirewa. Duk wanda ya ga an haɗa masa haraji biyu a rasit ɗaya, ya kira mu a gyara.

Saƙon da darajarsa ba ta wuce yuro 150 ba ba ya biyan fito, VAT kaɗai yake biya. Daga 1 ga Yulin bana kuma, rangwamen da ake yi wa ƙananan saƙonni na ƙasa da yuro 22 zai ƙare, ko hula ɗaya ce sai ta biya haraji.

Akwai wani sauƙi guda da muke so ku sani, domin mutane kaɗan ne suka lura da shi. Idan telolinmu na nan Landan suka ɗinka shaddar Ostiriya ta zama babbar riga ko kaftani ko doguwar riga, ƙa'idar tana haɗa saƙar can da ɗinkin nan ta ɗauke su asali ɗaya, sai rigar ta shiga Turai ba fito, muddin mun rubuta shaidar asali a jikin rasit tare da lambarmu ta kwastan. VAT yana nan, amma fito ya faɗi. Wannan bai shafi shaddar da aka saƙa a Chana ba. Ita ko an ɗinka ta a nan, fitonta kashi 12 ne. Saboda haka daga yanzu za mu riƙa rubuta ƙasar da aka saƙa kowane yadi a jikin hotonsa, domin ku yi lissafi kafin ku zaɓa.

Yanzu ga maganar da ta fi mana nauyi, muna kuma roƙon a fahimce mu. Da yawa daga cikinku, har da iyayenmu da muke jin kunyarsu, sun ce mu rubuta "kyauta" a takardar kwastan, ko mu rage darajar kayan. Mun san ba mugunta ce ta kawo wannan roƙo ba, nauyin kuɗin ne. Amma ba za mu yi ba. Rangwamen kyauta na saƙo ne daga mutum zuwa mutum wanda bai wuce yuro 45 ba, kayan shago ba sa cikinsa. Idan aka buɗe ƙunshi aka ga shadda mai tsada an rubuta mata kuɗin atamfar roba, ana iya riƙe kayan, a ci tara, sunanku da namu su shiga cikin waɗanda ake sa wa ido. Idan kuma ƙunshin ya ɓata a hanya, abin da aka rubuta shi inshora zai biya. Ko babu duk wannan, sa hannu a kan ƙarya ba abin da za mu yi ba ne, balle a kayan da za a sa a je Idi da su. Wanda ya ji haushinmu kan wannan, muna ba shi haƙuri.

Ba za mu ɓoye ra'ayinmu ba. A ganinmu wannan fita ta cuci ƙananan 'yan kasuwa. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa da suka fito a wannan wata sun nuna kayan da Birtaniya ta sayar wa Tarayyar Turai sun ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari a Janairu. Korona tana da nata kason a ciki, haka ma kayan da aka tara tun kafin sabuwar shekara, amma wanda yake cike takardun nan da hannunsa ya san ba cuta ce kaɗai ba. Mun kuma san a cikinku akwai waɗanda suka zaɓi fita, ba ma ganin laifinsu. An nuna musu jar motar safa da alkawarin fam miliyan 350 duk mako ga asibitocin gwamnati. An ce musu idan aka rage shigowar Turawan gabas, ƙofa za ta buɗe wa 'yan ƙasashe renon Ingila. Wanda ya sha wahalar neman biza wa mahaifiyarsa yana da dalilin sauraron irin wannan magana. Gaskiya ne sabon tsarin ba da biza bisa maki ya daidaita ɗan Kano da ɗan Warsaw ta Poland wajen neman izinin aiki, kuma daga Yulin bana ɗalibin da ya gama digiri zai iya zama shekara biyu. Sai dai ba mu manta da hoton jerin 'yan gudun hijira da Nigel Farage, ɗaya daga cikin jagororin masu neman fita, ya tsaya a gabansa ba, a ranar da aka kashe 'yar majalisa Jo Cox, ba mu kuma manta da abin da matanmu masu hijabi suka riƙa ji a motar haya a makonnin da suka biyo bayan ƙuri'ar ba.

Wannan ya kawo mu ga wata magana da ba ta ciniki ba, amma ta fi ciniki muhimmanci. Akwai 'yan'uwa da dama, musamman mutanen zango na Gana da 'yan Nijar, da suka dawo nan da fasfo ɗin Italiya ko Jamus ko Holan ko Beljiyam. Don Allah duk wanda bai nemi izinin zama na 'yan Tarayyar Turai ba, ya nema kafin 30 ga Yunin 2021. Kyauta ne, ta waya ake yi, kuma kowane yaro sai an yi masa nasa daban. Daɗewa a ƙasar ba ta wadatar ba. A duba dattawan da ba su iya intanet ba. Wanda ya rasa mai taimaka masa ya zo shago idan an buɗe, yaranmu za su zauna da shi, ba ma karɓar ko kwabo.

Ga yadda za mu yi aiki daga yanzu. Duk mai saye daga Turai, kafin ya biya za mu turo masa lissafin fito da haraji a rubuce, ya gani ya amince. Manyan oda, irin kayan lefe da ankon biki, muna shirya yadda za su tashi kai tsaye daga masu sayar mana a cikin Turai zuwa gidajenku ba tare da sun taka Birtaniya ba. Zaɓin launi zai ɗan ragu, amma kuɗin zai sauka sosai. Ku na Dablin, lissafinku irin na Faris ne, duk da kusancinmu. Ku na Belfast, a halin yanzu saƙonku yana tafiya kamar da, amma gwamnati da Tarayyar Turai suna takun saƙa kan ƙa'idar Ireland ta Arewa, idan wani abu ya canza za mu sanar da ku. Ku na Kano, Kaduna, Maraɗi, Yamai da Kumasi, hanyar aike ba ta canza ba. Farashin yadin Turai ne zai ɗan motsa, saboda kowace dila yanzu tana zuwa da kuɗin takardu da na wakilin kwastan.

Gwamnati ta ce shaguna irin namu za su iya buɗewa daga 12 ga Afrilu idan al'amura suka tafi daidai, wato dab da fara azumi. Sallah kuma ana sa ran ta a wajen 13 ga Mayu, gwargwadon ganin wata. Masu son ɗinki daga Turai, a turo awo kafin a kama azumi. Masu son yadi kawai, kada a wuce goman farko, domin saƙon da a da yake isa cikin 'yan kwanaki yanzu yana iya daɗewa a hannun kwastan. Waɗanda kayansu suka dawo mana a Janairu da Fabrairu, suna nan a ajiye da sunayenku. Ku kira mu ku zaɓa: ko mu sake aikawa bisa sabon lissafi, ko mu mayar muku da kuɗinku.

Allah Ya kai mu Ramadan lafiya, Ya sa albarka a nemanku da namu.

Wassalam,
'Yan'uwanku na shago, masu yanka da masu ɗinki