Wasiƙa daga Iowa

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni dai lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa.

Saƙonka ya iso, har da ƙorafin wai na samu wuri na manta da mutane. Kai da ba ka tuna lambata sai ta kawo maka iya wuya! Ka nemi shawarata kan babban ɗanka da ya kafe shi sai aikin sojan sama. Zan zo kan wannan, amma bari in fara sauke abin da ya tokare mini ƙirji.

Ranar Asabar maƙwabcina ya ja ni kallon ƙwallonsu, irin wadda ake runguma a ruga a guje, ƙarti na danne juna. Kada ka tambaye ni ƙa'idarta. Filin na jami'ar Iowa ne, yana cin mutum kusan 70,000, sunansa Kinnick. Kai za ka ce wani gwamna ne ko attajiri. To yaro ne ɗan shekara 24. Mutum-mutuminsa na tagulla yana nan a ƙofar filin, kuma ba kayan wasa ne a jikinsa ba, littattafai ne a hannunsa, ga riga saɓe a kafaɗa. Kafin a rera taken ƙasa sai aka saki muryarsa a lasifika, duk hayaniyar nan ta ɗauke ɗif.

Nile Kinnick ke nan. A 1939 ya ci kyautar Heisman, wadda ake bai wa gwarzon 'yan wasan jami'o'in Amurka. A kakar wasan waccan shekarar ya buga minti 402 cikin 420, ka ga kusan ko numfashi ba a bar shi ya yi ba. Muryar da aka sa mana jawabinsa ne na karɓar kyautar, inda ya gode wa Allah da ya sa gumurzunsa a filin wasa yake yi, ba a fagen daga na Turai ba. Ya ƙi shiga ƙwallon kuɗi, ya tafi karatun lauya, kuma da yake kakansa ya yi gwamnan jihar, ana ta hasashen shi ma siyasa zai nufa. Sai ya shiga sashen jiragen sama na sojan ruwa, ya kama aiki kwana uku kafin Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka, a Yaƙin Duniya na Biyu.

Wallahi da a bakin daga ya faɗi, da labarin bai kama ni haka ba. Ko harsashi ɗaya ba a harba masa ba. Ran 2 ga Yunin 1943 ya tashi atisaye daga kan Lexington, sabon jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen yaƙi, a mashigin tekun Paria, tsakanin Benezuwela da Tirinidad. Jirginsa ƙirar Wildcat ne, mai inji ɗaya da mazaunin mutum ɗaya. Yana sama sai baƙin mai ya fara yoyo. Ka san abin da injin Golf ɗinka ya yi mana a hanyar Funtuwa da mai ya ƙafe, ya ɗau zafi ya cije. Mu muka gangara gefen titi muka sayi rake. Shi ƙarƙashinsa ruwa ne. Ga Lexington nan kamar mil huɗu, amma bai iya kai wa gare shi ba, sai ya yi yadda aka koya musu, ya saukar da jirgin a kan ruwa. Cikin 'yan mintoci masu ceto suka isa. Ba shi, ba jirgin, sai mai da ke yawo a saman teku.

Har yau ba a ga gawarsa ba. Wannan ita ce ta hana ni barci. Mu da ko a wata uwa duniya mutum ya rasu sai mun tambaya wa ya yi masa wanka, wa ya sallace shi, ina aka kai shi. Iyayen nan saƙo kawai aka kai musu. Kuma da shekara ta zagayo, a 1944, ƙaninsa Ben, shi ma matuƙin jirgin yaƙi, ya rasu a yankin Pasifik. Gida ɗaya, maza biyu. Sai a 1972 aka sa wa filin sunansa, kuma lambar rigarsa, 24, an jingine ta, ba mai ƙara sawa.

Akwai wani abin da ya burge ni. Asibitin yara yana daf da filin, benensa na leƙen ciki. Da an gama zangon farko na wasa, kowa sai ya juya, har 'yan wasan da alkalai, a yi ta ɗaga wa yaran da ke jinya hannu, su ma suna ɗagowa ta taga. Maƙwabcin nawa, ƙato guda da fenti a fuska, ina gani ya share ido.

Af, wai da gaske ne ango ya sake ɗaga bikin? Karo na nawa ke nan? Ka ce masa in ya kai damina, ni da kaina zan karɓe waliccin. Na kuma ji mai shayinmu ya buɗe shago har da firiji. Bashin da yake binka fa, ko ya yafe?

Yaron nan naka kuwa, jiya-jiya yake bin mu da wando a hannu yana kukan alewa, wai yau shi ne zai tuƙa jirgi. Me uwarsa ta ce? Ita ya kamata ka fara ji.

In mai zuwa nan ya samu, a haɗo mini yaji da kuka da daddawa. Ban da kilishi, 'yan kwastan ƙwacewa suke yi. Ka gaida Inna da kyau, ka gaida 'yan majalisa duka, har da wanda ba ma shiri.

Naka har kullum,
Mutuminka na Iowa