Hanyar Keke ta Elroy zuwa Sparta: A Ba Masu Shanun Tatsa Haƙƙinsu a Cikin Labarin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili in yi tsokaci a kan bayanin da kuka kawo a shafinku na yawon buɗe ido game da hanyar keke da ta tashi daga Elroy zuwa Sparta a jihar Wisconsin ta Amurka. Na ji daɗin ganin an yi magana a kan wannan wuri da Hausa, kuma hotunan tuddai da korayen kwaruruka sun dace da yadda wurin yake. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne an nuna ƙasar tamkar haka aka same ta tun fil azal, an kuma ambaci shanu kamar ado ne da ke gefen hanya, alhali kusan duk abin da ke burge mai keke a wannan yanki, har da hanyoyin da tayarsa ke takawa, yana da alaƙa da manoman da ke tashi tun kafin asuba domin tatsa. Na bi hanyar da kaina, kuma ina ganin mai karatu ya cancanci ya ji wannan ɓangaren.

Hanyar kanta tsawonta mil 32 da rabi ne, wato kimanin kilomita 52, kuma ta ratsa ƙananan garuruwan Kendall da Wilton da Norwalk. Asalinta layin dogo ne na kamfanin Chicago and North Western da aka shimfiɗa a shekarun 1870. Da jiragen ƙasa suka daina bi a 1964, gwamnatin jihar ta sayi filin, aka cire ƙarafan, aka zuba niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, aka buɗe ta ga jama'a a 1967, kuma ana lissafa ta a matsayin ta farko a Amurka cikin tsofaffin layukan dogo da aka mayar hanyar keke da tafiyar ƙafa. Da yake jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsayi kai tsaye, injiniyoyin wancan zamani sun daidaita hawa da gangara yadda ba za su wuce kashi 3 cikin 100 ba, inda kuma tudu ya tare gaba sai suka huda shi. Wannan ne ya sa yaro da dattijo ke iya ratsa ƙasa mai tuddai haka ba tare da sun galabaita ba.

Ramuka uku aka huda a cikin duwatsun. Biyu daga ciki kowanne ya ɗan haura mita 500, na ukun kuwa, wanda ke tsakanin Norwalk da Sparta, ya zarce kilomita ɗaya. Doka ce mutum ya sauka ya tura kekensa, kuma sai da tocila, domin a tsakiyar na ukun duhu ne sosai, ruwa na ɗiga daga sama yana jiƙa kafaɗa, yana gudu a 'yan kwatoci a gefe biyu, sanyi kuma na ratsa riga ko da a tsakiyar zafi ne. A bakin kowane rami akwai manyan ƙofofin katako da aka yi tun zamanin jirgi domin hana sanyin hunturu daskarar da ruwan ciki ya farfasa dutsen, kuma har yanzu ana rufe su daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu. Duk wannan kun faɗa ko kun yi nuni da shi, ba ni da ja a kai.

Inda nake so a tsaya shi ne abin da ido ke gani idan an fito daga ramin. Wannan kusurwa ta kudu maso yammacin Wisconsin ta bambanta da kewayenta saboda manyan tsaunukan ƙanƙara da suka malalo daga arewa a zamanin da, suka baje tuddai a yawancin yankin, ba su bi ta kanta ba. Sai ƙoramu suka ci gaba da yanka ƙasar, suka bar dogayen tuddai masu faffaɗan kai da kwaruruka masu zurfi. Ƙasa irin wannan tana da wuyar noma. Turawan da suka zauna a wurin a tsakiyar ƙarni na 19 alkama suka fara shukawa, shekara bayan shekara, har ƙasar ta gaji, ƙwari kuma suka addabi amfanin gona. Mutane irin su William Dempster Hoard, wanda ya taimaka wajen kafa ƙungiyar masu shanun tatsa ta jihar a 1872, ya kuma zama gwamna daga baya, su suka yi ta jan hankalin manoma su koma kiwo, domin ciyawa tana riƙe gangare, taki kuma yana mayar wa ƙasa ƙarfinta. A 1890 wani malamin Jami'ar Wisconsin, Stephen Babcock, ya fito da hanya mai sauƙi ta auna yawan mai a cikin madara, wadda ta sa aka fara biyan manomi gwargwadon ingancin abin da ya kawo, ta kuma toshe ƙofar algus da ruwa. Zuwa 1915 jihar ta zama kan gaba a Amurka a wannan sana'a.

Ko da haka, zaizayar ƙasa ba ta tsaya ba, saboda an ci gaba da huɗa daga saman tudu zuwa ƙasa, ana kuma sakin shanu cikin dazukan gangare suna tattake su. Zuwa farkon shekarun 1930 ruwan sama ya yi ta yanka manyan kwazazzabai a gonaki, yana kwashe ƙasa mai kyau yana cika kwari da laka. A 1933 aka fara aikin gyara a yankin ƙoramar Coon Creek, kudu da Sparta, wanda shi ne irinsa na farko a duk ƙasar, kuma masanin muhalli Aldo Leopold yana cikin waɗanda suka ba da shawara. Abin da aka koya wa manoma shi ne su riƙa huɗa a kwance, suna bin zagayen tudu, su raba gona ɗauri-ɗauri, wannan masara, na ƙasa da shi ciyawar alfalfa, na gaba masara kuma, yadda ruwan da ya taso daga layin masara zai tarar da ciyawa ta rage masa gudu ta tace ƙasar da ya ɗauko. Suka kuma killace dazukan gangare daga shanu. To, waɗannan lanƙwasassun layuka masu kore da ruwan ɗorawa da suka fi komai kyau a hotunanku, su ne wannan dabara. Manomi yana shuka alfalfa ne domin yana da shanun da za su ci ta. Ranar da aka sayar da garken, galibi sai gonar ta koma masara da waken soya zalla, layukan su ɓace, gangaren ya sake zama a buɗe ga ruwan sama.

Haka batun hanyoyi yake. Duk wanda ya bar tsohon layin dogo ya hau ƙananan hanyoyin karkara da ke kewaye da Wilton ko Norwalk, ya nufi kwarin kogin Kickapoo, zai yi mamakin yadda hanyar da ba ta kai ko'ina ba sai gidajen gona 'yan kaɗan take da kwalta mai kyau. Dalilin madara ne. Saniya ba ta san ranar hutu ba; ana tatsarta sau biyu ko uku a yini, a sanyaya madarar nan take a cikin tanki, kuma dole tankar ɗauka ta iso kullum ko bayan kwana ɗaya, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara, in ba haka ba abin da aka tara ya lalace. Hanyar taɓo ba za ta ɗauki wannan ba, shi ya sa aka yi wa hanyoyin gonaki kwalta fiye da yadda aka yi a yawancin jihohin maƙwabta. A nan ne ainihin hawa yake: mutum ya sauko da giya har ta ƙare, ya miƙe a kan feda, numfashi na fita da ƙyar, sannan ya iso kan tudu ya ga jajayen ɗakunan shanu da dogayen rumbunan ajiye abincinsu a jere har inda ido ya tsaya. Ya kamata a gaya wa mai sha'awar zuwa cewa wannan sashe ba irin na layin dogo ba ne, yana bukatar ƙarfi da birki mai kyau, domin gangarowa ta fi hawa haɗari.

Idan mai keke ya san cewa baƙo ne a wurin aikin wasu, ɗabi'arsa za ta canja. Dokar Wisconsin ta wajabta wa direba ya bar aƙalla ƙafa uku tsakaninsa da keke idan zai wuce, kuma na ga direbobin tankar madara suna kiyaye wannan da haƙuri, suna bin bayan ayarin masu keke a hankali har sai kwana ta buɗe. Adalci shi ne mu ma mu koma layi ɗaya idan mun ji mota a baya, kada mu tsaya ɗaukar hoto a bakin mashigar gona ko a bayan kwana inda tarakta mai jan kaya ba za ta hango mu ba. Shingen waya da ke gefen makiyaya sau da yawa yana da lantarki, kuma abin da ke bayansa mallakar wani ne. Shiga ɗakin shanu ba da izini ba yana iya jawo asara, domin takalmi da taya suna ɗaukar cuta daga gona zuwa gona, kuma tun da aka gano murar tsuntsaye a shanun tatsa na Amurka a watan Maris na 2024 manoma suka ƙara tsananta wannan. Akwai kuma al'ummar Amish, wasu Kiristoci masu riƙo da rayuwar gargajiya, da ke zaune a kewayen Cashton da Wilton, waɗanda ke tafiya da keken doki, da yawansu suna tatsa da hannu suna kai madara a cikin garwa. Ba sa son a ɗauki hoton fuskarsu saboda addininsu, ba sa ciniki ranar Lahadi, kuma doki na iya firgita idan keke ya fito masa ta baya shiru, don haka yana da kyau mutum ya yi magana kafin ya wuce.

Abin da ya fi damuna, wanda bayaninku bai taɓo ba ko kaɗan, shi ne wannan sana'a tana raguwa a hannun ƙananan manoma. A tsakiyar ƙarni na 20 gonakin tatsa a Wisconsin sun haura 100,000. A 2004 sun kai kimanin 16,000, a 2024 kuwa sun gaza 6,000, kuma a shekarar 2019 kaɗai an rasa sama da 800. Yawan shanun bai ragu haka ba, yana nan wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da wani abu; abin da ya faru shi ne sun tattaru a manyan gonaki, waɗanda suka fi dacewa da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa fiye da waɗannan tuddai. Kalifoniya ta sha gaban jihar a yawan madara tun 1993, ko da yake Wisconsin ce har yanzu kan gaba a cuku, tana samar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake yi a Amurka. Mai keke da ya lura zai ga alamun wannan da idonsa: ɗakin shanu da rufinsa ya lotsa, rumbun da bishiya ta tsiro a cikinsa, makiyayar da ƙaya ta cinye. Manoman yankin ba su naɗe hannu ba. A 1988 wasu 'yan kaɗan daga cikinsu suka kafa ƙungiyar gama-kai wadda aka sani yanzu da Organic Valley, mai hedikwata a La Farge, domin su sami farashi tsayayye da zai riƙe ƙaramar gona, kuma ta bunƙasa har ta game jihohi da dama. Amma hakan bai tsayar da raguwar ba.

Ruwa ma bai daina gwada ƙasar ba. A ƙarshen watan Agusta na 2018 an yi mamakon ruwan sama da ya fasa madatsu a yankin Coon Creek, ya kuma lalata sassa na hanyar keken kanta har aka rufe su tsawon lokaci ana gyara. Wannan ya nuna cewa lafiyar hanyar da ke cikin kwari tana rataye da yadda ake kula da gangaren da ke samanta.

Roƙona gare ku, Malam Edita, shi ne idan za ku sake kawo labarin wannan hanya ko makamanciyarta, wakilinku ya nemi izini ya zauna da ko da manomi ɗaya, ya tambaye shi ƙarfe nawa yake fara tatsa, nawa ake biyansa, ko 'ya'yansa za su gaji gonar. A kuma sanar da masu niyyar zuwa cewa duk mai keke da ya kai shekara 16 sai ya yanki takardar izinin bin hanyar ta jihar, cewa ramukan a buɗe suke daga Mayu zuwa Oktoba kawai, kuma cewa hanyar tana haɗe da wasu uku, wadda ake kira "400" da ta kogin La Crosse da ta Great River, waɗanda idan aka haɗa su da ita suka kai kimanin mil 100 ga mai son tafiyar kwanaki. Wanda ya je, ya sayi cukunsa da madararsa a ƙananan masana'antu da shagunan garuruwan da ya ratsa, domin kuɗin ya tsaya a hannun mutanen wurin.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah Ya ƙara basira.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum.