Wasiƙa Zuwa ga Abba Kafin Hawan Dutsen Tubkal

Jos, Jihar Filato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Abba, bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, kuma na karanta takardun da ka haɗo da shi har sau biyu, wato ta kamfanin da zai jagorance ku zuwa Dutsen Tubkal na ƙasar Maroko a watan Fabrairu, da ta makarantar da za ta koya muku tafiya a kan dusar ƙanƙara na kwana biyar a tsaunukan Cairngorm na Birtaniya kafin lokacin. Ummanka ta ce in hana ka. Na ce mata wanda ya isa ajiye iyali ba a tsare shi da umarni, kuma ni da na riƙa jan ka zuwa duwatsun Shere kowace Asabar tun kana firamare ba ni da bakin yin mamakin inda abin ya kai ka. Na amince ka tafi, amma amincewar tana da sharuɗɗa, kuma na zaɓi in rubuta su domin maganar waya iska ke kwashe ta.

Ka fara cire wa ranka tunanin cewa kai ɗan Jos ne, don haka ka san dutse kuma ka san sanyi. Gaskiya ne garinmu yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829, alhali Ben Nevis, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Birtaniya, mita 1,345 ne kacal. Dutsen Cairn Gorm ɗin da za ku yi horo a gefensa mita 1,245 ne, kusan daidai da tsakar gidanmu. Duk da haka, a kan wannan ɗan dutsen aka auna iska mai gudun kilomita 278 a sa'a ɗaya a watan Maris na 1986, kuma a kan tudun yankin ne yara 'yan makaranta biyar da ɗaya daga cikin masu kula da su suka rasu cikin guguwar dusar ƙanƙara a watan Nuwamba na 1971. Sanyin hunturu da muke alfahari da shi, wanda ke fasa leɓe ya sa a ɗora ruwan alwala a wuta da asuba, bai taɓa daskarar da ruwan randarmu ba, kuma ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda ke zubowa da ruwan farkon damina ta yi ɓarna a gonakin tumatir sannan ta narke kafin la'asar. Ka shiga makarantar nan a matsayin wanda bai san komai ba.

Akwai labarin da ban taɓa ba ka cikakkensa ba. A shekarun da nake karatun safiyo a ƙasar da kake yanzu, na bi wata ƙungiyar ɗalibai zuwa wani tsauni a lokacin sanyi, aka miƙa mini gatarin ƙanƙara a gindin dutsen, aka tambaye ni ko na iya amfani da shi, ni kuwa na ce na iya, saboda ni kaɗai ne baƙar fata a cikinsu kuma ban so a ce baƙon nan shi ne mai ja da kowa baya. A wajen saukowa, inda rana ta narkar da saman dusar sannan sanyi ya sake daskarar da ita ta koma kamar gilashi, ƙafata ta zame. Abin da ya fi tsaya mini a rai har yau shi ne ƙarar rigata tana gogar ƙanƙara, da yadda gatarin yake hannuna amma hannun bai san abin da zai yi da shi ba. Wani tarin dusa mai laushi ne ya tare ni, 'yan taku kaɗan kafin duwatsu. Na tashi ina dariya don kada a ga tsorona, amma a daren nan ban runtsa ba.

Saboda haka darasin da nake so ka fi ba wa ƙarfi shi ne tsayar da kai da gatari idan ka zame. Za su nuna maka cewa ana riƙe gatarin a hannun da ke ɓangaren sama na gangara, kuma da zarar mutum ya faɗi sai ya juya ya kifa cikinsa, ya kafa tsinin gatarin cikin dusar kusa da kafaɗarsa, ƙotar ta gitta ƙirjinsa, ya danna da dukkan nauyinsa. Idan yana sanye da ƙarfen ƙafa mai haƙora, dole ya ɗaga ƙafafunsa sama ya bar gwiwoyi su ja ƙasa, domin in haƙoran suka kama ƙanƙara yana cikin gudu, za su wuntsila shi ko su karya masa idon sawu. Faɗin wannan ba shi da wuya, amma mutum ba ya zaɓar yadda zai faɗi. Yana iya faɗuwa rigingine ko rub da ciki, ƙafa a gaba ko kai a gaba, kuma kowace faɗuwa da irin juyin da take bukata. Ka maimaita dukkansu har jikinka ya riƙa yi kafin tunaninka ya iso, kamar yadda ƙafarka ke samun birki idan akuya ta gifta maka a titin Bauchi. In malamin ya ce ya isa haka, ka roƙe shi ka ƙara sau biyar, musamman faɗuwar rigingine da kai a gaba, wadda ɗalibai suka fi gudu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jagoran da za ka biya a Maroko, kome ƙwarewarsa, ba zai iya kafa maka gatari ba a daƙiƙa biyun farko da ake iya tsayar da zamewa cikinsu.

Ƙarfen ƙafar kuma yana bukatar ka sake koyon tafiya. Ana buɗe ƙafafu fiye da yadda aka saba don kada haƙorin ƙafa ɗaya ya kama wandon ɗaya, ana kuma dasa tafin ƙafa gaba ɗaya domin dukkan haƙoran ƙasa su ciji ƙanƙarar. Ka koyi ɗaura shi da safar hannu a hannunka, cikin duhu, domin haka za ka yi a daren hawan. Takalmin da za ka yi horo da shi kuma shi za ka tafi da shi Maroko, kada ka sake sabo.

Ummanka ta riga ta aika kasuwar Katako a nemo maka manyan rigunan sanyi na gwanjo, kuma ban hana ta ba saboda hakan ya ɗan kwantar mata da hankali. Ka karɓa ka gode mata, ka sa su a cikin gari. A kan dutse babban abokin gaba shi ne gumi, domin rigar auduga tana shan gumi ta riƙe shi, da zarar ka tsaya hutawa sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a bayanka tana zuƙe ɗumin jiki. Ka sa riguna marasa kauri hawa-hawa, ta ulu ko ta zaren roba a jikin fata, mai ɗumi a tsakiya, mai tare iska da ruwa a waje, ka cire ɗaya kafin ka yi gumi, ka mayar kafin ka fara rawar ɗari. Ka riƙe safar hannu ta biyu a jaka, domin iska na iya fizge ta farko. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: yawancin bayanan da ake yi game da cizon sanyi suna cewa fata za ta yi ja sannan ta yi fari, alhali a irin fatarmu wannan sauyi ba ya fitowa sarai, sai dai ta yi toka-toka. Ka dogara da abin da kake ji. Yatsan da yake zafi sannan ya daina zafi ya mutu murus, shi ne abin tsoro, kuma ba a murza shi, ba a kai shi kusa da wuta, ana cusa shi a hammata a gaya wa jagora nan take. Tabarau mai duhu kuma wajibi ne ko da akwai gajimare, domin sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna zuwa cikin ido.

Game da zaftarewar dusa, kwana biyar ba za su mai da kai masani ba, amma za su isa ka fahimci abin da jagora yake dubawa. Galibi tana faruwa ne a gangara mai karkatar digiri 30 zuwa 45, musamman bayan sabuwar dusa ta zuba ko iska ta tara ta a gefe ɗaya, kuma ana auna haɗarinta a mataki biyar. Wanda ta binne, in aka tono shi cikin minti 15 na farko yawanci yana rayuwa, bayan haka kuwa damar tana raguwa da sauri, wanda ke nufin abokan tafiyarsa ne kaɗai za su iya ceto shi. In an ba ku na'urar gano wanda aka binne da sandar bincike da shebur, ka koye su da gaske, domin ran wani ne zai rataya a kansu.

Yanzu ga abin da ya fi hana ni barci. Tubkal mita 4,167 ne, shi ne mafi tsayi a Arewacin Afirka, kuma ya ɗara Chappal Waddi na Taraba, wanda shi ne mafi tsayi a ƙasarmu da mita 2,419, nesa ba kusa ba. Iska tana yin sanyi da kimanin digiri 6.5 a kowane mita 1,000 da aka hau, kuma a ƙololuwar, iskar da kake shaƙa a numfashi ɗaya kimanin kashi 60 cikin 100 ce ta wadda kake samu a bakin teku. Jadawalin da ka aiko ya nuna za ku tashi daga Marakesh da safe, ku bi ta ƙauyen Imlil, ku kwana a masaukin da ke mita 3,207 a rana guda, sannan ku hau da asuba. Wannan gaggawa ce, kuma ban yarda da ita ba. Ka nemi tsarin da ake kwana a Imlil, a kuma ƙara yini guda a masaukin kafin hawan, ni zan biya bambancin kuɗin. Dalilina kuwa ka san shi: jininka AS ne kamar nawa, wato muna ɗauke da ƙwayar gadon sikila. A ƙasa wannan bai taɓa damun mu ba, amma likitoci sun tabbatar da cewa ƙarancin iskar shaƙa a kan tudu, haɗe da wahala da ƙarancin ruwa a jiki, yana iya toshe jijiyoyin saifar mai irin wannan jini, abin da ke bayyana da ciwo mai tsanani a saman ciki ta ɓangaren hagu. Ka ga likita kafin ka biya sauran kuɗin, ka faɗa masa tsayin dutsen da lambobinsa, kuma in ya ce a'a, to maganarsa ta shafe amincewata. In ya yarda, ka rubuta wannan bayani a takardar kamfanin, ka kuma faɗa wa jagoran da bakinka. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, domin sanyi yana ɓoye ƙishirwa.

Na san tarbiyyar da muka ba ka. Mun koya maka cewa namiji ba ya raki, kuma ba a damun mutane da ƙorafi, kuma wannan tarbiyya ce ta sa na ce na iya riƙe gatari alhali ban iya ba. A kan dutse ka ajiye ta. Ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci su ne alamun farko na ciwon tudu, kuma wanda ya ji su bai kamata ya ƙara hawa ba. In tari ya shigo da haki ko kana zaune, ko tafiya ta koma tangaɗi, ko magana ta rikice, magani shi ne saukowa a lokacin, ko da tsakar dare ne. Jagororin Tubkal mutanen tsaunin ne, 'yan ƙabilar Amazik waɗanda harshensu dangin na Buzaye ne, a nan aka haife su, kai kuwa baƙo ne, kuma baƙo ko da ido makaho ne. Ka tambayi naka tun a masauki ƙarfe nawa ne za a juya ko an kai ko ba a kai ba, kuma in lokacin ya yi, kada ka zama mai roƙon a ƙara rabin sa'a saboda kuɗin jirgi ko hoton da ka yi wa abokai alkawari. A watan Mayu na 1996 mutum takwas suka mutu a guguwa ɗaya a kan Dutsen Everest, cikinsu har da shugabannin tawaga biyu, kuma daga cikin dalilan da aka fi ambata akwai ci gaba da hawa bayan lokacin juyawa ya wuce. Ka kuma tanadi sauran ƙarfi don saukowa, domin a nan ne ƙafa ta gaji, hankali ya saki, kuma a nan ne ni ma na zame.

Batun salla ba zai ba ka wahala ba, tunda kana cikin Musulmi kuma kai matafiyi ne mai damar yin ƙasaru. Kada ka cire safa ka zuba wa ƙafarka ruwa a cikin wannan sanyi da sunan tsantseni, domin Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da shi, ya yi taimama a wani dare mai tsananin sanyi saboda tsoron halaka, kuma da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai zarge shi ba.

Ka aiko mini da sakamakon ganin likitan, da sabon jadawalin, da lambar wayar kamfanin, ka kuma duba takardar inshorarka ka tabbatar ta ambaci hawa sama da mita 4,000 a lokacin sanyi, domin inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta kaiwa can. Ka kira Ummanka ranar Juma'a ka yi mata bayanin horon da kanka, a hankali, ba tare da labarin Everest ba. Ƙannenka suna gaishe ka, kuma kilishin da ka nema ba zai wuce kwastan ɗin ƙasar ba, don haka ka haƙura sai ka zo.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.